Ribar Wake Tana Cikin Ajiya

Kaka ta kawo jiki, shi ya sa nake son mu yi magana kan wani abu da aikin malamin gona ya sa nake gani kowace shekara a ƙauyukan da nake zagayawa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na biye da ita. Duk da haka, ka shiga ƙauye da tsakiyar damina, za ka tarar da magidancin da ya cire buhu biyar ko shida da kaka yana tsaye gaban mai awo, yana roƙon tiya ɗaya bashi. In ka tambaye shi ina nasa, sai ya ce: "Malam, ai wake ba ya ajiyuwa. Gara in sayar da araha da ƙwaro ya cinye mini." Ya sayar lokacin da kowa ke sayarwa, kasuwa ta cika ta batse, dillali ne ke yanka farashi. Ya dawo saye lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kaya sun yi tsada. Ribar guminsa tana tsakanin farashin nan biyu, kuma wani ne ya kwashe ta. Taki da ingantaccen iri suna ƙara amfani, amma muddin manomi ba ya iya riƙe abin da ya noma na wata huɗu ko biyar, talauci ba zai sake shi ba.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi gida. Macen tana saka ƙwai a jikin ɓawo ko a kan ƙwayar waken. Tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, ido ba ya ganinta. Cikin mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike, ta bar rami, ta saka nata ƙwan. Shi ya sa buhun da ka ɗinke tas da kaka, kafin bazara za ka buɗe ka tarar da gari da wari.

Tsoron wannan asara ne ya jefa mutane cikin wata da ta fi ta. Wasu na yayyafa Sniper ko fiya-fiya a kan waken da za a ci, alhali guba ce da ba a yi ta don abinci ba. Wasu na jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu, su ajiye shi a ɗakin da iyali ke kwana, kuma tururinta na kisa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin gubar da ke cikin Sniper da aka riƙa samu a jikinsa. Waken da Bature ya ƙi karɓa, irinsa muke niƙawa mu yi wa yaranmu ƙosai da alale.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ko ɗigon magani, wato buhun PICS mai ruɓi uku: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, su ne suka fara gwajinsa tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, sannan daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashen Yammaci da Tsakiyar Afirka, tare da cibiyoyi irin su IITA a Najeriya da INRAN a Nijar. Yau a Kano ma ana sarrafa shi. Sirrinsa hana iska shiga. Ƙwaron da ke ciki yana numfashi har ya ƙarar da iskar da ta rage, daga nan ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu.

Sai dai yawancin waɗanda suka ce mini buhun bai yi musu aiki ba, in muka bincika, kuskuren na wurin busarwa ne ko ɗauri. Da fari, wake ya bushe ƙayau, a sheƙe shi, a tsince tsinke da tsakuwa, domin su ke huda leda. Don ka tabbatar da bushewarsa, samu kwalba busasshiya, zuba wake kaɗan da cokalin gishirin da ka shanya ya bushe, ka rufe, ka girgiza sosai, ka bar ta ta ɗan huta. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran laima, mayar da shi rana. Wake mai laima in aka toshe shi, ruɓewa yake.

Kafin zubi, buɗe kowace leda ta cika da iska, ka damƙe bakinta ka matsa, ka ji ko tana yoyo. Sa ɗaya cikin ɗaya, sannan cikin buhun saƙar. Kada ka cika shi har baki. Danna ledar ciki ka fitar da iska, ka murɗe bakinta, ka lanƙwasa, ka ɗaure da igiya ko robar tayar keke. Ta biyu ma haka, ita kaɗai. Na waje shi ma daban. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure lokaci guda ya yi aikin banza. Ɗora buhun a kan katako, nesa da bango da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗibar na tukunya. Ware na ci daban. In an kula da shi bai huje ba, buhu ɗaya na iya yin kaka uku. Wanda bai samu ba, jarka ko duro mai murfi da ke toshewa gam, in an cika shi maƙil, haka yake aiki.

Abin da ya fi gamsar da mutane a aikinmu shi ne ranar buɗe buhu. Da kaka ake ɗaure shi a gaban mai gari da jama'a, a ajiye wani na gama-gari kusa da shi. Bayan watanni a taru a kwance. Na gama-garin, ƙwari ne ke tashi a fuska. Ɗayan kuwa, sai ka ga dattijuwa ta cusa hannu har gwiwa, ta ɗebo daga ƙasa, ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya, sannan ta juya ta tambayi inda ake sayar da buhun.

Na san ba ƙwaro kaɗai ke korar wake zuwa kasuwa ba. Akwai bashin taki, kuɗin makaranta, asibiti, ga bikin da aka sa bayan kaka. A nan maƙwabtanmu na Nijar suna da darasi. Tun wajen 1999, da tallafin hukumar FAO, ƙungiyoyin manoma ke tara amfaninsu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba su rance. Manomi ya karɓi wani kaso na darajar kayansa ya biya buƙata, ko ya yi noman rani ko kiwo. In farashi ya tashi, ya biya rancen, ya ɗauki kayansa. A yankin Maraɗi kuma, tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako a akwati ɗaya suna ranta wa junansu, tsarin da ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ƙauyen da ke da irin wannan asusu, ba dole ne ciwon yaro ɗaya ya sa a sayar da buhu guda da rahusa ba.

Wani zai ce, wannan ba ɓoye abinci ba ne? Attajirin da ya sayi kayan kasuwa ya kulle don jama'a su galabaita daban, magidancin da ya adana abin da ya noma don cin gidansa da irin baɗi daban. Kuma a sani, ba kowace shekara farashi ke tashi ba, akwai shekarun da yake karyewa. Don haka kada kowa ya ci bashi ya sayi wake don ajiya. Shawarata a raba amfanin gida uku: na biyan buƙatar gaggawa, na ci da iri, da na sayarwa sannu a hankali.

A nemi buhun tun kafin a fara roro, a wurin dillalin kayan gona da aka amince da shi, domin akwai jabu mai siririyar leda. In kuɗi ya yi kaɗan, mutum biyar su haɗa su saya tare, su kira malamin gonar yankinsu ya nuna musu ɗaurin farko. Ko buhu ɗaya ne a gwada bana. Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya sa mu ci guminmu lafiya.