Avengers: Endgame: yadda aka haɗa shi cikin kwamfuta, aka sayar da shi ta waya

A ranar 7 ga Disamban 2018, kamfanin Marvel Studios ya saki wani gajeren bidiyo da bai cika minti uku ba a YouTube da sauran shafukan sada zumunta. Kafin a yi awa 24 an kalle shi sau miliyan 289. Tallar fim ce, kuma a ƙarshenta ne aka fara ganin sunan da aka daɗe ana ɓoyewa: Avengers: Endgame. Da fim ɗin ya fito a ƙarshen Afrilun 2019, cikin kwana biyar kacal ya tara kusan dala biliyan 1.2 a gidajen sinima na duniya.

Wannan darasi zai bi diddigin fim ɗin tun daga ɗakin ɗauka har zuwa fuskar waya. Duk matashin da ke sha'awar tace bidiyo ko tallar kaya a intanet zai tsinci abin koyo a ciki. Wanda ma kallo kawai yake yi ya kamata ya san cewa abin da ake nuna masa a talla ba koyaushe ne yake cikin fim ba.

Kuɗin da aka zuba da inda suka tafi

Endgame shi ne fim na 22 a jerin finafinan Marvel da aka fara da Iron Man a 2008. Shekara guda bayan wancan fim, Disney ya sayi Marvel kan kimanin dala biliyan 4. Wato an shafe shekara 11 ana saba wa 'yan kallo da waɗannan jarumai kafin a kawo ƙarshen labarin, kuma wannan sabo shi ne jarin da ya fi kowanne girma.

An ruwaito cewa haɗa fim ɗin ya ci kimanin dala miliyan 356, ban da kuɗin talla. Kaso mai tsoka ya tafi ga jarumai. Mujallar Forbes ta ƙiyasta cewa Robert Downey Jr., mai fitowa a matsayin Iron Man, ya samu kusan dala miliyan 75, idan aka haɗa kuɗin aikinsa da kason da aka ba shi daga ribar fim.

Daraktocin biyu, Anthony Russo da ƙaninsa Joe, sun ɗauki Infinity War da Endgame ɗaya bayan ɗaya ba tare da dogon hutu ba. An fara na farkon a Janairun 2017, aka shiga na biyun a Agusta, aka kammala a Janairun 2018. Dalilin haka a fili yake: tara manyan jarumai da dama a wuri guda abu ne mai wuya da tsada, gara a yi amfani da su tun suna hannu. Yawancin aikin kuma ba a Hollywood aka yi shi ba. An yi shi ne a Pinewood Atlanta Studios da ke jihar Jojiya, saboda jihar na yi wa kamfanonin fim rangwamen haraji da ke kaiwa kashi 30 cikin 100 na abin da suka kashe a can. An kuma leƙa Birtaniya: wani ƙauyen masunta mai suna St Abbs a Sukotlan shi ne ya zama sabon garin su Thor.

Abin da kyamara ta gani da abin da kwamfuta ta ƙara

An ɗauki fim ɗin gaba ɗaya da kyamarorin dijital na IMAX, waɗanda ake yi don manyan allunan sinima. Amma wanda zai ga ɗanyen hoton da kyamarar ta ɗauka zai sha mamaki. A wurare da yawa ba abin da ke ciki sai mutane kaɗan a tsaye kan tarkacen duwatsu, bayansu koren kyalle. Ana zaɓar kore ne domin ya yi nisa da launin fatar mutum, don haka manhaja na iya gane shi ta goge, a sa wani hoto a gurbinsa. Dabarar da manhajojin tace bidiyo na waya ke yi ke nan, sai dai bambancin girma da tsafta.

Fim ɗin yana da tsawon minti 181, kuma kowace daƙiƙa ta ƙunshi hotuna 24. Idan aka lissafa, hotunan sun haura 260,000. Kusan fitowa 2,500 ne aka yi musu aikin kwamfuta, wato mafi yawan fim ɗin. Kamfani ɗaya ba zai iya wannan ba, shi ya sa aka raba aikin: Industrial Light & Magic da Digital Domain a Amurka, Weta Digital a New Zealand, Framestore da DNEG a Landan, da wasu. Weta ne ya ɗauki nauyin mafi yawan yaƙin ƙarshe. Bayan masu zane sun gama nasu, sai a tura aikin zuwa ɗakunan da ke cike da dubban kwamfutoci, su lissafa haske da inuwa da ƙura na kowane hoto. Hoto guda mai sarƙaƙiya na iya cin awanni.

Thanos shi ne misali mafi kyau. Babu kwalliyar fuska ko abin rufe fuska a jikinsa, kwamfuta ce ta zana shi daga kai zuwa ƙafa. Amma motsinsa na mutum ne. Jarumi Josh Brolin yakan sa matsattsun kaya masu alamomi, a ɗiga masa ɗigo-ɗigo a fuska, a ɗaura masa hula mai ƙaramar kyamara da ke kallon fuskarsa. Duk lokacin da ya ɗaga gira ko ya cije leɓe, ɗigon na motsawa, kyamara na naɗa. Digital Domain ya gina wata manhaja mai suna Masquerade da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira: an fara koya mata fuskar Brolin dalla-dalla, sannan take ɗaukar motsin ɗigon nan kaɗan ta cike sauran, har da tattarar fata a gefen ido. Da yake Thanos ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, akan kafa hoton kansa a kan sanda a saman Brolin domin abokan wasansa su san inda za su kalla. Irin wannan hanya aka bi da Mark Ruffalo wajen fitar da Hulk mai magana da sanya tabarau.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki, domin ba kowa ke lura da shi ba. Fararen kayan da jaruman suka sa lokacin tafiya zamanin baya, ba a taɓa ɗinka su ba. Lokacin ɗauka ba a gama yanke shawarar fasalinsu ba, sai jaruman suka yi wasa da wasu kayan, daga baya aka zana musu sababbi a jiki, hoto bayan hoto. Wannan sauƙi ne ga darakta, amma wahala ce ga masu zane, waɗanda kan tsinci kansu suna sake aikin makonni saboda an canza ra'ayi. Ƙorafin irin waɗannan ma'aikata ya yi ta fitowa fili a 2022, kuma a 2023 masu aikin kwamfuta na cikin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE.

Ɗakin tacewa ma ya taka rawa. Kalaman ƙarshe da Tony Stark ya faɗa wa Thanos ba sa cikin ainihin rubutun labari. Mai tace fim ɗin, Jeffrey Ford, shi ya ba da shawarar, aka dawo da jarumin aka sake ɗauka a Janairun 2019, wata uku kafin fitowa.

Talla da ɓoyo

Yawanci talla kan nuna mafi daɗin abin da ake sayarwa. Marvel ya yi akasin haka. Mafi yawan abin da aka saka a tallace-tallacen Endgame daga farkon fim aka ciro shi. Ba a nuna Thor mai ƙiba ba, ba a nuna sabon Hulk ba. An ma goge wasu jarumai daga cikin hoto, ta yadda masu sa ido suka riƙa lura da gurbin da babu kowa tsakanin mutanen da ke tafiya tare. Ba sabon abu ba ne: tallar Infinity War ta nuna Hulk yana gudu tare da sauran jarumai a Wakanda, alhali babu wannan fitowa a fim ɗin.

Su kansu jaruman ba a yarda da su gaba ɗaya ba. Tom Holland, mai fitowa a Spider-Man, wanda ya yi suna wajen suɓutar baki, ba a ba shi cikakken labarin ba. Fitowar jana'iza da ke ƙarshen fim kuwa, an ce wa wasunsu biki za a ɗauka.

Amfanin wannan ɓoyo shi ne ya mayar da 'yan kallo ma'aikatan talla ba tare da an biya su ba. Masu tashoshin YouTube suka duƙufa suna tsayar da bidiyon daƙiƙa-daƙiƙa suna hasashe, jama'a suna gardama a Twitter da Facebook. Da wani ɓangaren fim ɗin ya ɓulla a intanet kwanaki kaɗan kafin fitowa, daraktocin suka wallafa wasiƙa suna roƙon kada a tona labarin, tare da maudu'in #DontSpoilTheEndgame. Roƙon da kansa ya zama talla, domin saƙon da ke ƙarƙashinsa shi ne: duk wanda bai kalla a makon farko ba, wayarsa ce za ta ɓata masa. Ranar 2 ga Afrilu da aka buɗe sayar da tikiti, shafukan sayarwa irin na AMC da Fandango sun riƙa tsayawa saboda cunkoso.

Sai kuma kamfanonin da suka shiga da kuɗinsu. An ruwaito cewa tallar haɗin gwiwa da irin su Audi, Coca-Cola, McDonald's da Google ta haura dala miliyan 200. Oppo ya fitar da wayar F11 Pro ta musamman mai tambarin Avengers. Wasan Fortnite ya ƙara sashen da ake yaƙar Thanos. A Google kuwa, wanda ya nemi sunan Thanos ya taɓa hoton safar hannunsa, sai ya ga rabin sakamakon binciken ya zama ƙura ya ɓace, kamar yadda ya faru da rabin halittu a labarin.

Biliyan 2.8 ba duka riba ba ce

Fim ɗin ya tara kusan dala biliyan 2.8. Wannan kuɗin tikiti ne, kuma gidajen sinima na da kasonsu. A Amurka kamfanin fim kan samu rabi ko sama da haka kaɗan. A Chaina, inda Endgame ya tara sama da dala miliyan 600, abin da ke komawa ga kamfanin waje bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Daga abin da ya rage ne za a cire kuɗin haɗawa, na talla, da kason jarumai. Shi ya sa masu lissafin harkar ke cewa sai babban fim ya tara fiye da ninki biyu na kuɗin haɗa shi kafin a fara maganar riba. Sauran samun yana zuwa daga kayan wasan yara, riguna, da manhajar Disney+ wadda aka buɗe a Nuwamban 2019 da Endgame a cikinta.

A Yulin 2019, bayan an sake sakin sa da ɗan ƙarin bidiyo a ƙarshe, Endgame ya wuce Avatar ya zama fim mafi tara kuɗi a tarihi. Bai daɗe a kujerar ba, domin an sake haska Avatar a Chaina a Maris ɗin 2021 ya karɓe matsayinsa. A gasar Oscar ta 2020 ma an zaɓe shi a rukunin aikin kwamfuta, amma fim ɗin yaƙi mai suna 1917 ne ya lashe. Kuma kamfanin da ya yi wannan nasara, da kayan aiki iri ɗaya da salon talla makamanci, ya fitar da The Marvels a 2023, wanda ya tara kimanin dala miliyan 206 a duniya baki ɗaya, ƙasa da abin da aka kashe wajen haɗa shi.