Dukan Mata Ba Sirrin Gida Ba Ne

Mu da aikinmu shi ne sauraren ƙorafin mata da raka su gaban hukuma a yankunan Ƙonni, Malbaza da Illela, mun san mace ba ta isowa sai abin ya yi nisa. Kafin nan ta yi yaji an yi biko, uwa ta ce ta yi haƙuri, kawu ya ce aure ibada ne, maigari ya yi sulhu a zaure. In ta iso, za ta zauna ta ja mayafi ta rufe ido ɗaya, ta ce zamewa ta yi a bakin rijiya. Ba abin mamaki ba ne, don binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kusan mata shida cikin goma a Nijar suna ganin miji na da hujjar dukan matarsa a kan abu kamar gardama ko fita ba izini. Binciken ya kuma nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da aka kai ɗaki tun ba ta mallaki hankalinta ba, wa zai gaya mata tana da bakin magana?

Ra'ayina shi ne sulhun da ake yi a ɓoye, ba takarda ba shaida, mai dukan yake karewa. Mun kuma ga inda rufa-rufa da sunan al'ada take kaiwa. A nan yankin Ƙonni aka sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahayya, wato baiwa: aiki, duka, kwanciyar dole. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata har kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta gaza kare ta, ta kuma sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Shekara tara tana gidan wanda ya saye ta, a idon jama'a.

Wasu za su ce addini ya ba miji damar ladabtarwa. Hadisi ingantacce ya tabbatar Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ba, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ta ba matar da ake cutarwa damar zuwa gaban alƙali ta nemi a raba auren. Wasu kuma za su ce ƙara tana kashe aure, yara su tagayyara. Wannan damuwa ce ta gaskiya, musamman ga wadda ba ta da sana'a. Amma ba kowace ƙara ke kaiwa ga saki ba, kuma mijin da ya san an rubuta abin da ya yi ya fi taka-tsantsan.

Don haka duk wadda aka ji wa ciwo, a kai ta likita a ranar, a karɓi takardar shaidar rauni kafin kumburi ya sace, sannan a sanar da jandarma ko 'yan sanda. Iyaye da masu gari, in za ku yi sulhu ku yi, amma bayan an karɓi wannan takardar.