Lambar da ke kan rimot ɗinka, ta batir ce ko ta risiba?

Sana'ata haɗawa da gyaran ƙananan jiragen sama masu rimot. Yawancin waɗanda ake kawo mini da karyayyen fiffike ko murƙusasshen hanci ba iska ce ta kayar da su ba, ba kuma rashin iya tuƙi ba ne. Batir ne ya ƙare a sama, ko sigina ta yanke, mai jirgi yana tsaye a ƙasa bai san halin da ake ciki ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, da yawa daga cikinsu rimot ɗin da ke hannunsu yana da ikon gaya musu tun kafin abin ya faru. Sun biya kuɗin wannan fasaha, ba su taɓa kunna ta ba, ko kuma sun kunna suna karanta lambar da ba ita ba ce.

Fasahar ita ce telemetri. A da magana hanya ɗaya take bi: rimot ya ba da umarni, risibar da ke cikin jirgi ta karɓa. Yanzu risiba ma tana mayar da bayani ƙasa, ta faɗi ƙarfin batir, ƙarfin sigina, tsayin da jirgi ya kai, zafin inji, har da inda yake idan an saka masa GPS. Tun da FrSky ya fitar da Taranis X9D a 2013 da manhajar OpenTX, abin ya zo hannun mai ƙaramin ƙarfi. Yau rimot irin RadioMaster TX16S mai EdgeTX, ko ma FlySky FS-i6X mai sauƙin kuɗi wanda matasa da yawa ke farawa da shi, duk suna yi.

Ga tarkon da ya fi cin jirage. Kana haɗa risiba da rimot, sai ka ga wata lambar bolt ta fito da kanta, a OpenTX da EdgeTX, idan risibar FrSky ce, sunanta RxBt. Tana nuna 5.0 ko kusa da haka. Mai jirgi sai ya ɗauka batirinsa ake auna masa. Ba shi ba ne. Wutar da ke shiga risiba ce, wadda ta biyo ta BEC, 'yar da'irar da ke cikin ESC (na'urar da ke sarrafa gudun inji) mai rage wutar batir zuwa bolt 5 saboda risiba da sarbo, wato ƙananan injina masu motsa sassan tuƙin jirgi. Aikin BEC kenan, ya riƙe wannan lamba daram ko da batir yana mutuwa. Idan matashi ya zo shago yana rantsuwa cewa rimot ya nuna masa wuta cike lokacin da jirginsa ya faɗo, ba na jayayya da shi. Sai in ɗauko batir mai sel uku wanda ya sha aiki, in jona a jirgin, in ce ya dubi fuskar rimot: 5.0. Sannan in sa mita a ƙaramin filogin nan fari mai wayoyi huɗu, mu auna sel ɗaya bayan ɗaya, ya ga 3.4 da idonsa. Daga nan ba sai na ƙara bayani ba.

Ba wai RxBt ba ta da amfani ba ne. Idan sarbo ya cije ko sun yi wa BEC yawa, wutar risiba na iya faɗuwa ta ɗauke na ɗan lokaci, kuma wannan lamba ce za ta tona. Amma ba ita ce ma'aunin man tankinka ba.

Don sanin halin batirin tashi, dole a auna shi kai tsaye. FlySky yana da FS-CVT01 da ake jonawa a ramin sensa na risiba irin FS-iA6B. FrSky yana da FLVSS, wanda ake sakawa a farin filogin batir ya karanto kowane sel daban har guda shida, ya aika ta Smart Port. Wasu risibobin ExpressLRS na jirage masu fiffike suna zuwa da ramin auna batir a jikinsu, Spektrum kuma yana da ESC ɗin da ke aiko da bayanin da kansa. A kula, ramin A2 na wasu risibobin FrSky bai ɗaukar fiye da bolt 3.3, wanda ya jona masa batir kai tsaye ba tare da mai rage wuta ba ya ƙona shi. Kuma sensar wani kamfani ba ta jin yaren wani. Ta Smart Port ba za ta yi magana da risibar Futaba mai S.BUS2 ba, ko ta Graupner mai HoTT. Kafin ka ba da kuɗi, duba risibarka tukuna.

Ni na fi son mai karanta sel ɗaya ɗaya. Sel na LiPo yana cika a bolt 4.2, ana ajiye shi a wajen 3.8, idan ya yi ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa. Batir mai sel uku cikakke 12.6 ne. To a ce rimot ya nuna maka jimilla 10.5. Zai yiwu kowane sel 3.5 ne, lafiya lau, ka shirya sauka. Zai kuma yiwu biyu suna 3.7, na ukun yana 3.1 yana gab da durƙushewa. Jimilla ɗaya, labari biyu. Tsohon batir, musamman wanda ya fara kumbura, shi ne mai wannan hali.

Sai maganar gargaɗi, inda mutane ke gajiya su kashe komai. Idan ka tura maƙura gaba ɗaya, wutar batir takan nutse na ɗan lokaci, ka sassauta ta dawo. Wanda ya sa gargaɗi a 3.5 ba tare da jinkiri ba, rimot zai dinga yi masa ihu tun daga tashin farko, har ya daina saurara. A OpenTX da EdgeTX akwai inda za ka ce kada gargaɗi ya tashi sai lambar ta zauna ƙasa na daƙiƙa uku ko huɗu. Yi amfani da shi. Mafi kyau ma ka ƙara sensar amfiya, irin FAS40 ta FrSky, wadda ke ba rimot damar ƙirga mAh nawa aka sha. Ƙa'idar da matuƙa ke bi ita ce kada a sha fiye da kashi 80 cikin ɗari. Batir mai 2200 kenan ka sauka kafin 1760. Bayan tashin farko, duba nawa caja ta mayar cikin batir ka gwada da abin da rimot ya ce. Idan sun saɓa, gyara ma'aunin sensar, domin ba kowace ke zuwa daidai daga kamfani ba.

Duk wannan kuma ta kunne ya kamata ya shigo. Ina roƙon 'yan'uwa, kada ku sunkuya kallon fuskar rimot jirgi yana sama. Ɗan jirgi fari a sararin hunturu mai ƙura, ka ɗauke ido daƙiƙa biyu, ka ɗago ka rasa ko gaba ya sa ko baya. Rimot mai magana, sa shi ya karanta maka lambar sel mafi rauni lokaci lokaci, ko ka ware maɓalli ɗaya da za ka taɓa ya faɗa. Wanda ba ya magana, ka sa masa ƙara ko girgiza.

Sigina ita ce ta biyu a muhimmanci. A tsarin FrSky lambar ita ce RSSI, kuma OpenTX yana zuwa da gargaɗin farko a 45, na haɗari a 42. Masu ExpressLRS da Crossfire su fi kula da LQ, wato kashi nawa cikin ɗari na saƙonnin rimot suka isa lafiya. Idan jirgi yana kusa amma lambar tana faɗuwa duk sanda ya juya wani ɓangare, matsalar eriya ce: ta kwanta a jikin batir, ko a bayan sandar kabon, ko ta tsinke daga ciki. Risiba mai eriya biyu, a ware su su yi kusurwar digiri 90. Idan kuma rimot ya ce telemetri ta ɓace, kada hannu ya yi rawa. Sau da yawa muryar risiba ce ta kasa isowa ƙasa, umarninka yana nan yana isa sama. Juyo da jirgi gida a hankali, kada ka ƙara nisa. Wannan bai ɗauke maka saita abin da jirgi zai yi idan sigina ta yanke da gaske ba, inji ya mutu, sarbo su koma inda ka tsara, kuma a gwada a ƙasa bayan an cire farfela.

Sensar zafi a wurinmu ba ado ba ce. Littafin da ya zo da jirgi ba a Sakkwato ko Maiduguri aka gwada shi ba, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa. Batir da ESC suna tashi da zafinsu tun kafin farfela ta juya, LiPo kuwa ba ya son wuce digiri 60. Ɗaure sensar a jikin ESC ko batir, kada a bar ta tana lilo cikin iska tana auna abin da ba a tambaye ta ba.

Sensar tsayi da matsin iska take aiki, don haka a lulluɓe ta da ɗan soso a ɓoye ta daga iskar farfela, a kuma mayar da ita sifili kafin tashi. Ita ce za ta tsare ka ƙasa da mita 120, iyakar da Amurka da Turai suka sa wa irin waɗannan jirage. Kai ma ka nemi sanin dokar hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarka, ka nisanci filin jirgi da barikin soja. GPS kuwa, ranar da jirgi ya faɗa gonar dawa a watan Satumba za ka san darajarsa, muddin ka jira ya kama taurarin ɗan adam kafin ka tashi, kuma ka kunna ajiyar bayanai a katin rimot. Kada ka kashe rimot bayan faɗuwa sai ka kwafe lambobin wuri na ƙarshe.

Idan ka saka sabuwar sensa, shiga shafin telemetri ka sa rimot ya nemo sabbin sensoci, domin ba ya ganinsu da kansa, kuma kowane jirgi da nasa saitin. Sannan cire farfela, jona batirin da ya kusa ƙarewa, tura maƙura, ka tsaya har sai ka ji gargaɗin ya fito da kunnenka.