Darasin Direba: Fitilar Santsi Ta Kama, Ina Cutar Take?

Yawancin motocin da ake kawo mana daga Amurka da Turai suna da wata fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, da hoton mota tana zamewa. A wasu kuma an rubuta TRAC ko VSC ko ESP. Aikin na'urar shi ne, in taya ɗaya ta fara juyawa a banza cikin laka ko yashi, sai kwamfutar motar ta rage ƙarfin inji, ta kama wa tayar birki.

To, ku lura da kyau. In fitilar tana ƙyaftawa a kan hanyar damina, aikinta take yi, babu damuwa. In ta kama ta zauna, na'urar ta daina aiki ke nan. Motar za ta yi tafiya, amma ba abin da zai taimake ku ranar da kuka ɗauko mara lafiya cikin ruwan sama. Ku fara duba maɓallinta, gama sau da yawa gwiwa ce ta taɓa shi.

Daga nan sai batir. Mun sha ganin an sayi kaya masu tsada alhali batir ne ya gaji. A auna shi da mita. Inji a kashe, lafiyayyen batir yana ba da wajen volt 12.6. Inji a kunne, ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5. In bai kai ba, a duba caji. A kankare farin garin da ke kan batir, a ɗaure wayar da ta tafi jikin mota sosai, a duba fis.

Idan fitilar ABS ta kama tare da ita, ku nufi tayoyi. Kowace taya tana da sensa mai ƙidaya juyinta. Laka takan rufe shi, kututture ko ɓera yakan tsinke wayarsa. Tayoyin da girmansu bai zo ɗaya ba su ma sukan rikita lissafin.

Amma idan fitilar inji ce ta kama tare da ita, motar kuma ta yi sanyi, kuna taka totur ba ta amsawa, a nan mutane ke ruɗewa. Motocin yanzu ba su da igiyar totur. Sensa biyu ne a ƙarƙashin ƙafarku, biyu kuma a ƙofar da iska ke shiga inji. In maganarsu ta saɓa, kwamfuta takan rage gudu don tsaro. Tun da ba ta amince da totur ba, sai ta kashe na'urar santsi ita ma. Toyota da yawa haka suke yi ko da ƙaramar matsalar inji ce. Ƙurar hunturu da tururin mai sukan daskare a ƙofar nan. A kashe mota, a goge ta da maganin wanke totur, kada a tura murfin da ƙarfi, haƙoransa na ciki na roba ne.

Tun 1996 motocin Amurka suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lamba P0121 ko P2135 tana nuna wajen totur. Ku sa makaniki ya rubuta muku lambar a takarda kafin ya goge ta. Wanda kuwa ya ce zai cire ƙwan fitilar, ku karɓi makullinku.