Ƙasa da Tsutsa a Kofi: Kayan Zaƙin Bikin Yara Ba Tare da Oben Ba

Duk wanda ya taɓa rainon ƙani ko ƙanwa ya san yaƙin da ake sha wajen hana yaro cin ƙasa. To darasinmu na wannan fitowar shi ne yadda za ku miƙa wa yaro ƙasa a kofi, har da tsutsa tana leƙowa, ya cinye tas uwarsa na gefe tana dariya. Ƙasar dakakken biskit ce, lakar da ke ƙarƙashinta kastad ce mai cakulan, tsutsar kuwa alawa ce. Ba a buƙatar oben ko injin kwaɓa fulawa. Risho ko ƙaramin gas da tukunya ɗaya sun wadatar. Shi ya sa na ga ya dace da mu ɗalibai, ko don bikin suna da walimar sauka a gida, ko don 'yar sana'ar da za ta rage mana zafin kuɗin fotokofi.

Daga ina ya samo asali?

Wannan wasa daga Amurka ya fito, inda ake yin sa a bikin zagayowar ranar haihuwar yara, wani lokaci ma a zuba shi a sabuwar tukunyar fure a soka ganye a sama. Can da biskit ɗin Oreo suke yi, wanda aka fara sayarwa a 1912, saboda duhunsa ya yi kama da ƙasar lambu. Alawar tsutsa kamfanin Trolli ne ya fito da ita a 1981. Garin kastad kuma ya girme su duka: wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Wato tun asali ba shi da ƙwai, sitacin masara ne da kala da ƙamshi.

Sai dai abin da ya yi daidai a ƙasar sanyi mai tsayayyar wutar lantarki ba lallai ya yi daidai a nan ba. Haɗin kansa ba wuya. Inda aikin yake shi ne zafin gari, da halaccin alawar, da maƙogwaron ƙananan yara. Za mu zo kansu ɗaya bayan ɗaya.

Kayan haɗi na kofi 12

Ruwa mai tsabta lita 1
Madarar gari kofi 1
Garin kastad babban cokali 6
Garin cakulan marar sukari babban cokali 3
Sukari babban cokali 6
Biskit mai cakulan giram 300
Ƙananan kofunan roba masu nuna abin da ke ciki, da murfinsu
Ganyen na'ana'a kaɗan, don ado

Idan Milo ko Bournvita kuka samu a madadin garin cakulan, ku ninka yawansa ku rage sukari, domin da zaƙinsu suke zuwa. Kalar dai ba za ta yi duhu sosai ba.

Yadda ake yi

Da farko ku dama madarar a ruwan. Ku ɗebi kamar rabin kofi daga ciki, tun tana da sanyi, ku kwaɓa garin kastad da cakulan da sukari har su narke, babu gudaji. Sauran madarar a ɗora a wuta. Da ta fara alamar tafasa sai a rage wuta, a riƙa tsiyaya kwaɓin a hankali ana juyawa ba tsayawa. Cikin minti biyu zuwa uku za ku ga ta yi kauri tana sheƙi.

Ga dalilin kwaɓawa da sanyi. Ƙwayoyin sitaci suna shan ruwa su kumbura ne idan zafi ya haura digiri 60 na ma'aunin Salsiyos. In aka zuba busasshen gari kai tsaye a tafasasshen ruwa, na waje ya kumbura nan take ya rufe na ciki, shi ne gudajin nan da muke gani a koko idan mai damu ta yi gaggawa. Wanda ya iya dama koko ya riga ya iya rabin aikin nan.

Bayan an sauke, a sa tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi ana juyawa don ta huce da wuri. Sannan a shimfiɗa farar leda mai tsabta a kan fuskar kastad ɗin, ta taɓa shi, don kada ya yi fata.

Biskit kuma a zuba shi a leda mai kauri a murje da kwalba, ko a daka a busasshen turmi wanda ba a daka yaji a ciki ba. Kada ya yi laushi kamar fulawa. A bar 'yan ɓarɓashi, su ne suke sa ya yi kama da ƙasar gaske.

Jerawa: cokali ɗaya na biskit a gindin kofi, kastad har kusan kashi uku cikin huɗu, a rufe a sa a firij na awa biyu. Ƙasar sama da tsutsa da ganyen na'ana'a sai dab da rabawa ake sa su. In aka zuba tun da wuri biskit ɗin zai sha danshi ya koma taɓo, armashin ya tafi.

Maganar tsutsa

Nan fa sai an buɗe ido. Yawancin alawa mai tauna irin ta tsutsa da jelatin ake yin ta, shi kuwa jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, kuma da yawa daga na ƙasashen Turai da Amurka na alade ne. Don haka kada a saya don kala ta burge. A juya bayan leda a karanta. A nemi tambarin halal, ko a ga an rubuta cewa da fektin aka yi, wanda daga 'ya'yan itace ake ciro shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Iyayen da suka ba ku aiki amana suka ba ku, ba za su bi kofi suna tambaya ba.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ku yi tsutsarku da kanku, da zoɓo da garin aga. Aga daga ciyawar teku ake yin sa, ana samunsa a shagunan kayan kek. A tace zoɓo kofi ɗaya mai sukari, a zuba garin aga ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a tafasa minti uku ana juyawa, domin in bai tafasa ba ba zai kama ba. A juye a faranti mai faɗi, kaurinsa kamar na fensir. Idan ya daskare a yanka siri-siri da wuƙa. Aga yana da wata fa'ida da ta dace da mu: yana daskarewa ko ba firij, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, alhali jelatin tun daga wajen digiri 35 yake fara saki. A watan Afrilu, da rana ke haura 40 a Kano ko Sakkwato, kun ga bambancin ba ƙarami ba ne. In aga bai samu ba, a cire ƙwallon dabino mai laushi a yanka shi a tsaye. Shi ma ya yi tsutsa.

Zafi da madara

Abinci mai madara tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a cikinsa da sauri. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya tak. Ba lallai ya yi tsami ko wari kafin ya ɓata ciki ba, kuma gudawa ta fi saurin kayar da yaro a kan babba. Saboda haka a yi shi ranar bikin. Kada a dogara da firij ɗin da wuta za ta iya ɗaukewa cikin dare. A tanadi kula da ƙanƙara, a jera kofuna a rufe, a riƙa fitowa da su kaɗan-kaɗan. Abin da ya yi saura a kan tebur bayan taro, a haƙura a zubar. Asarar kofi uku ta fi a ce yaran unguwa sun kwana a asibiti da sunanku.

Ƙananan yara

Yaron da bai kai shekara huɗu ba kada a sa masa alawa mai tauna, tana iya sarƙe shi. Nasa kofin a bar shi da ƙasa da ganye kawai. A tambayi mai biki ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar madara ko gyaɗa ko alkama. Sannan lokacin rabawa a faɗa musu a fili cewa biskit ne, kada wani ya fita tsakar gida ya nemi ƙari.

In sana'a za ku yi

Ido ba mudu ba ne, amma a nan kada a bar wa ido lissafi. Ku rubuta kuɗin komai, har kofi da cokali da ƙanƙara da gas da kuɗin Keke Napep, ku raba gida 12, sannan ku ɗora ladan wahalarku. Ku karɓi rabin kuɗi kafin ku shiga kasuwa. Ku fara gwada kofi huɗu a ɗaki, abokan zama su ɗanɗana, kun san ba sa ɓoye gaskiya in dai a kan abinci ne. In an saba, sai a sauya salo: farin biskit ya zama rairayin sahara, kwakwar da aka kankare aka rina da koren kalar abinci ta zama ciyawa.

Allah Ya sa albarka, Ya ba mu sa'ar jarrabawa mai zuwa.