Wa Zai Riƙe Mu Idan Ƙarfi Ya Ƙare?

Jama'ar Tudun Wadan Kaduna, maza da mata: An rubuta wannan 'yar takarda ne domin a faɗakar da ku game da wani al'amari da ke tafe sannu a hankali, ba ya tayar da ƙura, amma ba gidan da zai tsallake. Ya haɗa abu biyu da ba a saba ambatonsu tare ba: yawan 'ya'yan da ake haifa, da shekarun da ma'aikaci ke ajiye aiki. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya sami waɗansu ƙasashe

Masana ƙidayar jama'a sun ce kafin al'umma ta tsaya yadda take, ba ƙari ba ragi, sai kowace mace ta haifi 'ya'ya biyu da ɗan ɗoriya. To, akwai ƙasashen da suka daɗe da faɗowa ƙasa da haka. A Koriya ta Kudu, bisa lissafin shekarar 2023, idan ka tara mata 100, 'ya'yan da za su haifa duk tsawon rayuwarsu ba za su wuce 72 ba. A Japan, kusan mutum uku cikin kowane goma ya kai shekara 65 ko ya haura. Ƙasar Sin, wadda ta shafe shekaru fiye da 30 tana hana yawancin iyalai wuce ɗa guda, ita ce a 2021 ta dawo tana lallashin mutane su haifi uku, kuma a 2022 yawan jama'arta ya soma raguwa.

Me ya haɗa wannan da fansho? A yawancin ƙasashen Turai, kuɗin da ake biyan tsofaffi yau daga albashin masu aiki yau ake yanko shi. Idan masu aiki suka ragu, tsofaffi kuma suka yi yawa suka yi tsawon rai, asusu ba zai ɗauka ba. Dole a yi ɗayan uku: ko a ƙara abin da ake yanka, ko a rage abin da ake biya, ko a ce wa ma'aikaci ya ƙara shekaru yana aiki. Galibi na ukun suka zaɓa. Faransa ta yi dokar ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64 a 2023, aka yi ta yajin aiki har shara ta yi tsibi a titunan Paris. Jamus tana hawa zuwa 67. Sin ma daga Janairun 2025 ta fara ɗaga na maza daga 60 zuwa 63, kaɗan-kaɗan cikin shekara 15.

Kada wani ya ce wannan matsalarsu ce. Ƙasar da ta rasa matasa sai ta nemo na wasu, kuma ba ragwaye take nema ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da muka horar da kuɗinmu, su ne ake ɗiba zuwa Ingila da Kanada su kula da tsofaffin can, namu tsofaffin kuma suna layi a asibiti tun asuba.

Mu fa, ina muka kwana?

Mu ba ƙarancin matasa ne ya dame mu ba. Fiye da rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 20 ba. Wanda ya tsaya a bakin titi a Tudun Wada lokacin tashi daga makaranta ba ya bukatar a kawo masa takardar shaida. Amma haihuwa tana raguwa a nan ma. Binciken lafiya da yawan jama'a da gwamnatin tarayya ke yi ya nuna cewa a 2008 matsakaicin abin da mace ke haifa 5.7 ne, a 2013 ya koma 5.5, a 2018 ya zama 5.3, a na 2023 zuwa 2024 kuma ya sauko 4.8. A birni ya fi sauka fiye da ƙauye. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ta yi suna wajen yawan haihuwa, ta sauko daga 7.6 a 2012 zuwa 6.2 a 2021.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. 'Yan mata suna daɗewa a makaranta, samari suna jinkirta aure saboda tsadar lefe da kuɗin haya, ma'aurata suna ba da tazara domin lafiyar uwa, kuma ɗaki biyu a gidan haya ba ɗaya yake da gidan gandu mai faɗin fili ba. Wannan takarda ba ta zo ta ce wa kowa ya haifi kaza ko ya tsaya a kaza ba. Wannan tsakanin miji da mata ne da Ubangijinsu. Abin da ta zo faɗa shi ne lissafin da zai biyo baya.

Batun ƙara shekarun ritaya

Ƙa'idar da aka sani a aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma an yi ta buɗe ƙofofi. Tun 2012 farfesoshin jami'a suke kaiwa 70, malaman manyan makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda babbar harabarta ke nan unguwarmu, suna kaiwa 65. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai malaman firamare da sakandare shekara 65 ko 40 a aiki. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya kai alƙalan manyan kotuna 70. Ƙungiyar ƙwadago kuwa tana ta neman a yi wa kowane ma'aikaci irin na malaman firamare da sakandare.

Shin daidai ne? Inda ake da ƙarancin ƙwararru, kamar malamin lissafi ko likitan tiyata, riƙe dattijo mai lafiya da basira riba ce, don ba a ƙera irinsa dare ɗaya. Amma a yi wa kowa kuɗin goro saboda Turawa sun yi, wannan kwaikwayo ne ba tare da duba dalili ba. Su sun ƙara ne don masu aiki sun ragu, tsofaffi sun yi yawa. Mu kuwa kowace kujera akwai ɗaruruwan masu takarda a hannu suna jiran ta. Duk shekara biyar da aka ƙara wa na ciki, shekara biyar ce aka ƙara wa na waje a zaman jira, har wani ya wuce shekarun da ake ɗaukar sabon ma'aikaci.

Sai dai a yi wa dattawan adalci. Yawancinsu ba son aikin ne ya hana su tafiya ba, tsoron abin da ke bayan ritaya ne. Sun ga waɗanda suka riga su suna yawon tantancewa, garatuti ya ƙi fitowa, hauhawar farashi ta cinye ɗan abin da ke shigowa. Shi ya sa za ka ga mutum da furfura har gira ya tafi kotu ya yi rantsuwa a rage masa shekaru, har ƙaninsa ya zama wansa a takarda. Rantsuwar ƙarya ce, ba mai wanke ta. Amma in da fansho na zuwa kan kari, kuma yana isa, da an rage irin wannan abin kunya.

Waɗanda ba su da ranar ritaya

Duk wannan gardama ta tsirarun mutane ce. Ma'aikata tara cikin goma a ƙasar nan ba su da albashin wata. Telan Kasuwar Barci, da mai walda a Panteka, da ɗan ga-ruwa, da direban Keke Napep, da mai ƙosai da ke fitowa tun kafin rana ta ɓullo, ba wanda zai miƙa musu takardar sallama yana ɗan shekara 60. Ranar da ido ya daina ganin ramin allura, ko baya ya ƙi ɗaukar kaya, ran nan ce ritayarsu. Zuwa 2024, waɗanda suka yi rajistar asusun fansho a duk faɗin ƙasar sun ɗan haura miliyan 10 ne kawai, cikin jama'ar da ta wuce miliyan 200.

Fanshon talaka tun kaka da kakanni 'ya'yansa ne. Mai 'ya'ya takwas, in biyu sun yi ƙarfi, uku suna lallaɓawa, ya samu tuwon dare. To, a natsu a yi wannan lissafi. Saurayin da ke da shekara 20 a 2025 zai cika 60 a 2065. Shi da tsaransa taro ne mai yawan gaske, kuma za su tsufa a tare. 'Ya'yan da za su ɗauke su ba za su kai yawan waɗanda suka ɗauki kakanninsu ba. Cikinsu ma wani yana Abuja, wani Legas, wani ya ƙetare ruwa. Nauyin da mutum takwas suke rabawa zai koma kan uku ko huɗu. Idan ukun nan ba su da ilimi ko sana'a mai ƙwari, da su da iyayen duk sun shiga uku.

Ko masu albashin ma, mutanen Kaduna sun ga darasi da idonsu. Masaƙar KTL da ke Kakuri ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta ciyar da dubban gidaje, har da na Tudun Wada. An rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Kuɗin sallamarsu a hannun kamfani yake, da kamfani ya durƙushe sai ya durƙushe da shi.

Irin wannan na cikin abin da dokar fansho ta 2004 ta zo gyarawa, aka kafa hukumar PenCom, aka kuma sabunta dokar a 2014. Yanzu ma'aikaci yana da asusu da sunansa a hannun kamfanin kula da fansho, ba a hannun maigidansa ba. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, mai aikin ya ɗora kashi 10. Misali, a kan naira 100,000, shi ya ba da 8,000, a ƙara masa 10,000. Ko ya sauya wurin aiki, asusun na bin sa. Amma fa sai ya sa ido, don akwai masu cirewa a takarda ba su zuba ba.

Abin da ake roƙonku

Mai albashi ya riƙa neman bayanin asusunsa a kai a kai. In ya ga wata ya wuce ba a zuba ba, ya kai ƙara wurin ƙungiyarsa ko PenCom tun da wuri, kada ya bari sai ranar sallama.

Mai sana'ar hannu ya sani cewa tun 2019 aka buɗe masa ƙofa. Akwai tsarin ƙaramin fansho da mai zaman kansa zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata, kuma ana barinsa ya ciri wani kaso in larura ta taso. Masu gudun riba kuma, tun 2021 akwai asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, sai mutum ya nema da bakinsa. Adashi yana da amfaninsa, amma kwasa ɗaya biki ko suna ke lashe shi. Wanda hankalinsa bai kwanta da kamfani ba, ya sayi fili ko ya kafa abin da zai riƙa kawo masa ɗan wani abu ko yana kwance.

Iyaye kuma, ko 'ya'yanku uku ne ko goma, kowanne ya fita da karatu da sana'a, mace da namiji. Shugabannin ƙungiyoyin teloli, da makanikai, da direbobi, da limaman unguwa, ku tara mutanenku, ku gayyato jami'an fansho su yi bayani da Hausa a gaban kowa, ku yi musu tambayoyi har sai kun gamsu kafin wani ya saka sisinsa.