Yadda Tsoro Yake Zaɓa Maka Hanya

Ya kai mai karatu, wataƙila ka san wani da aka taɓa kai wa garinsu hari. Ya tsira da ransa, ciwon jikinsa ya warke, amma har yau in babur ya wuce da dare sai ya zabura, gumi ya keto masa. Wataƙila ma kai ne. Wannan darasi zai nuna maka abin da yake faruwa a cikin ƙwaƙwalwa, da yadda abin da ya riga ya wuce yake hana mutum zuwa gona ko kasuwa ko asibiti.

Bari mu ɗauki misali daga wata unguwa mai nisa da mu, inda akwai Hausawa 'yan'uwanmu. A Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai unguwar Kilomita Biyar. Ta sami sunan nan domin nisanta daga tsakiyar gari. Babbar kasuwar birnin tana can, Hausawa da Fulani da sauran 'yan kasuwa suna zaune a wurin tun kaka da kakanni. A watan Disamba na 2013 faɗa ya ɓarke a birnin, aka kashe mutane da yawa, Musulmi da Kirista. Daga nan unguwar ta zama kamar kurkuku. Musulmin da suke ciki ba su iya fita, maƙwabtansu Kirista ba su iya shiga cin kasuwa. Ko maƙabartar Musulmi da take unguwar Boyin, ba a iya kai gawa. Sai a 2016 mutanen unguwannin biyu suka yi yarjejeniya, hanyar maƙabarta ta buɗe.

Ana iya buɗe hanya da sa hannu a takarda rana ɗaya. To, amma mutumin da ya ga an kashe ɗan'uwansa a kan wannan hanya fa? Kunnensa ya ji an yi sulhu, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Me ya sa?

Ƙwaƙwalwa tana ajiye abu ɗaya a wuri fiye da ɗaya. Akwai wani sashe da likitoci suke kira hifokamfas, shi ne mai riƙe labari: ranar kaza ce, a wuri kaza, da wane da wane. Akwai kuma wani ƙaramin sashe kusa da shi, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, ana kiransa amigdala. Shi maigadi ne. Ba ruwansa da dogon labari. Abin da ya sani shi ne wannan ƙara, ko wannan wari, ko wannan kwana ta hanya, ta taɓa zuwa da mutuwa. Da ya ji ta sai ya buga ƙararrawa, zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, tun kafin mutum ya yi tunani.

Wani likita a ƙasar Suwizalan, Edouard Claparède, ya ba da labarin wata mara lafiya a 1911. Ciwonta ya sa ba ta iya riƙe sabon abu. Kullum suna gaisawa, kullum kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Wata rana ya ɓoye allura a tsakanin yatsunsa, da suka yi musafaha ta soke ta. Ba a daɗe ba ta manta abin da ya faru sarai. Amma da ya sake miƙa mata hannu, sai ta janye nata. Labarin ya ɓace mata, tsoron yana nan, shi ne kuma ya yanke mata shawara.

A zamaninmu akwai wata masaniyar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Daphna Shohamy, wadda ta daɗe tana binciken yadda tunawa take shiga cikin zaɓi. A 2012 ita da abokin aikinta sun nuna wa mutane hotuna bibbiyu, wannan tare da wancan. Daga baya suka haɗa ɗaya daga cikin hotunan da kyautar kuɗi. Da aka ce su zaɓa, sai aka ga waɗansu suna karkata zuwa abokin hoton nan, wanda ba a taɓa ba da ko sisi a kansa ba, ba tare da sun san dalili ba. Wato darajar abu tana yaɗuwa zuwa abin da aka gan shi tare da shi. A 2019 kuma suka gwada masu ciwo a hifokamfas. Aka ce su zaɓi ɗaya cikin abinci iri biyu, sai suka daɗe suna shawara fiye da masu lafiya. Ashe ko zaɓin abin da za ka ci, sai ƙwaƙwalwa ta leƙa abin da ta ajiye.

Binciken nan a kan abin daɗi aka yi shi, amma tsoro ma haka yake yaɗuwa, har ya fi sauri. An tare ka a hanyar kasuwa ran Laraba. Da farko wannan hanya kake gudu. Bayan wata guda sai kasuwar kanta, sai motar haya, sai duk wani baƙo mai rawani ko mai kakin soja. A nan ne hasara take shigowa a hankali. Gona ta kwana ba shuka. Mai ciki ta daina zuwa awo. Yaro ya rasa allurar rigakafi. Mai tarin fuka ya bar karɓar maganinsa a tsakiya, ciwon ya dawo da ƙarfi.

Ka lura da abu ɗaya, domin yana da muhimmanci. In har yanzu akwai 'yan bindiga a hanyar, maigadin nan yana da gaskiya, ka saurare shi. Kada wani ya tura ka cikin haɗari da sunan jarumtaka. Maganarmu a kan wurin da lafiya ta riga ta dawo ne, mutane suna kai da kawowa, kai kaɗai ka kasa.

A irin wannan wuri ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabon darasi. Lallashi da baki ba ya isa maigadin, sai ya gani da idonsa. Ka fara da abu kaɗan. Ka je bakin hanyar da rana tare da wanda ka amince da shi. Zuciyarka za ta buga. Ka tsaya, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, ka jira har bugun ya ragu kafin ka koma gida. In ka gudu tun tsoron yana kan ganiyarsa, ka koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ka, gobe sai ya fi wuya. Washegari ka sake zuwa, ka ƙara taku kaɗan. Sabon darasin ba ya goge tsohon, rufe shi yake yi. Saboda haka in wata rana ƙarar tayar mota ta fashe tsoron ya dawo, kada ka ce aikinka ya lalace. Ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Barci yana taimakon ƙwaƙwalwa ta shirya abin da ta koya. Giya da tiramol da wiwi suna ɓata wannan aiki. Ƙwayar barci irin diyazefam da ake saye a kasuwa ita ma ba magani ba ce. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba da irinta domin firgicin da ya biyo bayan masifa.

Ku 'yan'uwan mai wannan damuwa, ba hauka ba ne, ba kuwa ƙarancin bangaskiya ba. Kada ku tilasta masa ya ba da labari. In ya fara da kansa, ku saurara. Ke uwa, in yaronki ya koma fitsarin kwance, ko ya manne miki, ko ya ƙi makaranta, duka ba zai gyara shi ba. Ki riƙa ba shi abinci da kwantar da shi a kan lokaci, ki bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa.

Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. In an wuce wata guda kana mugun mafarki, abin yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, ko ka kasa aikinka, ka zo asibiti ka faɗa wa likita ko nas, kamar yadda za ka faɗi zazzaɓi. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, a kawo shi a ranar.